Daga Gafaka Zuwa Kubanni: Tafiyar Littafi a Birnin Zazzau

Gabatarwa

Na buɗe ido a cikin birnin Zazzau na tarar da gafaka uku rataye a bangon gabas na zauren gidanmu. Na kakana ne, wanda duk unguwa ke kira Malam, kuma bai yarda yaro ya kai musu hannu ba sai da alwala. A cikin kowace gafaka akwai littafi, warƙa-warƙa ba ɗinki, an matse shi a tsakanin tadarishi an ɗaure da igiyar fata. Bayan Malam ya riga mu gidan gaskiya sai zauren ya zama wurin ajiye kekuna da buhunan masara. Wata damina azara ta yi yoyo, gara ta biyo sanyi ta hau bango, ba wanda ya lura. Ranar da aka sauke gafakan, biyu daga ciki sun zama gari. Ɗaya ce ta tsira, mai ɗauke da Risala, kuma a warƙarta ta ƙarshe na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau: wanda ya kwafi littafin ya rubuta sunansa, da sunan malamin da ya ara masa asali, da ranar da ya gama, sannan ya roƙi duk wanda ya ga kuskure ya gyara, ya kuma yi masa addu'a.

A yau ana yawan cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa ta kawo juyin da ba a taɓa ganin irinsa ba a harkar wallafa da ɗakunan karatu. Akwai gaskiya a cikin zancen. Sai dai wanda ya tashi a Zariya ya san cewa wannan ne karo na uku da hanyar yawaita littafi ta sauya a ƙasar nan: daga alƙalami zuwa injin ɗab'i, daga nan zuwa kyamara da fotokwafi, sannan zuwa intanet. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun waɗannan sauye-sauye, domin a ga cewa a kowane zamani tambayoyi biyu ne suke dawowa: wa ke riƙe da mabuɗin littafi, kuma wa ke tsaya wa ingancinsa?

Zamanin Alƙalami

Tun kafin Malam Musa ya karɓi tuta ya shigo Zazzau a farkon ƙarni na 19, birnin yana da unguwannin malamai. Unguwar Juma da Unguwar Kona sun yi suna wajen karatu, har ya zama Limamin Juma'a da Limamin Kona suna cikin masu zaɓen Sarkin Zazzau zuwa yau. A irin waɗannan unguwanni zaure shi ne makaranta, shi ne ɗakin karatu, shi ne kuma maɗaba'a. Ɗalibi zai fara da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, in Allah ya ba shi tsawon rai da juriya ya kai Muhtasar. A fannin nahawu ya bi Ajurumiya ya kai Alfiyya. Duk littafin da zai karanta, shi zai kwafi nasa, ko ya biya wani mai kyan hannu ya kwafa masa.

Kayan aikin ba masu araha ba ne. Alƙalami dai na gamba ne, ana fiƙe shi a gida. Tawada ana haɗa ta da gabaruwa da kashin maƙera da ƙaro. Takarda ita ce jidali, domin daga arewacin Italiya ake yin mafi yawanta, ta ƙetare teku zuwa Tarabulus, ta hau raƙuma ta ratsa Sahara ta sauka Kano, kafin fatake su iso da ita Zariya. In ka ɗaga warƙar Risalar kakana ga hasken rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. Wato tun a wancan lokaci ilimin birnin nan yana hawa abin hawan da aka ƙera a wata ƙasa, kuma ana sayensa da tsada.

Wannan tsari yana da hanyarsa ta tace inganci. In an gama kwafa sai a yi muƙabala: ɗaya ya riƙe asali, ɗaya ya riƙe sabon kwafi, a bi su kalma-kalma. Da yake ba a ɗinke warƙoƙi, ana rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ake ciki, don kada a gauraya su. Mallakar littafi kuwa ba ta mai da mutum malami. Sai ya zauna gaban wanda ya karanta shi a wurin wani, ya saurari fassara da sharhi, ya cika gefen shafi da ƙananan bayanai cikin Larabci ko ajami, sannan a ba shi izinin karantarwa. Da haka kowane littafi yake tafe da salsalar mutanen da suka tsaya masa.

Ba zan yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Littafi yana da mai shi, kuma mai shi yana iya hanawa. Malami kan ɓoye kundinsa ko da ga ɗalibinsa. Ana raba littattafai a gado kamar yadda ake raba gona, wani lokaci rabin littafi ya tafi wannan gida, rabi ya tafi wancan. Matan da suka kai ga manyan littattafai kaɗan ne, galibi 'ya'yan malamai. Gobara ɗaya kan share aikin shekara hamsin. Amma mutanen sun fahimci wani abu da Malam ya sha faɗa mini ina yaro, in ya ga na gaji da rubutu: "Kai yaro, littafin da ba a kwafa ba ya mutu, labari ne bai iso shi ba tukuna."

Inji a Bayan Ganuwa

Sauyi na farko ya zo da mulkin Turawa, kuma abin lura shi ne a bayan ganuwa ya sauka. A farkon shekarun 1930 Hukumar Fassara ta zauna a Zariya a ƙarƙashin Rupert East, daga baya ta zama Hukumar Talifi. Gasar da ta shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A watan Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Abubakar Imam yana editanta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a wajen Tukur-Tukur. Hukumar NORLA ta yi tashenta a shekarun 1950 ta rushe a 1959, sannan Kamfanin NNPC ya biyo baya a 1966. Cikin shekara talatin da 'yan kai Zariya ta zama cibiyar ɗab'in Hausa a duniya.

Inji ya yi abin da hannu ba zai iya ba. Littafin da mai kwafa zai yi wata biyu a kansa, inji ya fitar da dubbai cikin 'yan kwanaki. Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin nan na ƙasar Zazzau, sun isa garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Amma inji ya zo da nasa mai gadi. Edita ne yake zaɓen abin da za a buga, kuma boko aka fifita a kan ajami, domin shi ake koyarwa a makarantun gwamnati. A lokacin ne aka daidaita haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, aka sa aka zubo su da ƙarfe domin injin ya iya furta Hausa daidai. Abin da ya shiga inji ya yawaita ya shahara. Abin da bai shiga ba, wato mafi yawan rubuce-rubucen malaman cikin birni, ya ci gaba da zama a gafaka yana jiran gara. Ganuwar ƙasa ta raba duniyar ilimi biyu: a ciki ana kwafa da hannu, a waje ana bugawa da inji, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai awa guda a ƙafa ba.

Samaru da Shekarun Yunwar Littattafai

A ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, sai ga wani sabon nau'in gidan littafi: ɗakin karatu na jami'a, mai kanta-kanta da akwatunan kati, inda littafi ba na kowa ba ne kuma na kowa ne. Babban ɗakin karatun an sa masa sunan Kashim Ibrahim, gwamnan Jihar Arewa, ya kuma koma katafaren gininsa na yanzu a 1976. A Kongo akwai ɗakin karatu mai sunan Shugaba Kennedy. Jami'ar ta kafa maɗaba'arta, wadda ta fitar da littafin Mahdi Adamu kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, da na Yusufu Bala Usman kan tarihin Katsina a 1981. Waɗannan ayyuka ne da aka buga a nan, kuma masana daga ko'ina suka zo nema.

A wannan zamani ne aka fara ƙoƙarin haɗa duniyoyin nan biyu. A 1964 aka kafa Shirin Binciken Tarihin Arewa a ƙarƙashin jagorancin Abdullahi Smith. Masu bincike irin su Murray Last suka shiga garuruwa da ƙauyuka, suka durƙusa a zaurukan malamai, suna roƙon a ba su aron littafi su ɗauki hotonsa su mayar. Kyamara da maikurofim suka zama sabon mai kwafa. Da wannan aiki, da wanda aka yi a Ibadan, da na Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970, aka gane yawan abin da malaman ƙasar nan suka rubuta, aka kuma sake rubuta tarihin Daular Usmaniyya daga bakin 'ya'yanta. Sai dai fim yana buƙatar injin karantawa, inji yana buƙatar ƙwan fitila da wutar lantarki, shi kansa fim ɗin yana buƙatar ɗaki mai sanyi. Tun daga nan aka fara ganin cewa kowace sabuwar dabara tana zuwa da irin tata garar.

Sannan aka shiga shekarun wuya. Daga 1986, da aka fara shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi warwas. Mujallun ilimi na ƙasashen waje da fam da dala ake biyan kuɗinsu, don haka jami'o'in Nijeriya suka yi ta yanke su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya taɓa bin kantar tsofaffin mujallu a manyan jami'o'inmu ya san yadda abin yake: za ka ga kundi yana bin kundi shekara bayan shekara, sai ka iso tsakiyar shekarun 1980 jerin ya tsaya cak, kamar hanyar da ruwa ya cinye. Malamai da yawa suka bar ƙasar. Waɗanda suka zauna suka koma dogaro da fotokwafi, ana kwafar kwafi daga kwafi har rubutu ya dushe. Harajin ilimi da aka ƙirƙiro a 1993, wanda ya zama asusun TETFund a 2011, ya samo asali ne daga fafutukar malaman jami'a a kan wannan hali.

Zuwan Na'ura

Wanda bai san waccan yunwa ba, ba zai gane girman abin da intanet ta kawo ba. A 1998 aka fara AJOL, rumbun mujallun Afirka. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe HINARI domin likitocin ƙasashe masu tasowa su karanta mujallun kiwon lafiya kyauta ko da rangwame, AGORA ta biyo baya a 2003 domin masana aikin gona, abin da ya yi wa gari irin Samaru, mai tsohuwar cibiyar binciken noma, daidai. A 2006 JSTOR ta buɗe wa jami'o'in Afirka taskarta ba tare da biya ba. Giɓin nan na kan kanta sai ga shi ya cike a fuskar kwamfuta. Maƙalar da a da malami zai rubuta wa abokinsa a Ingila wasiƙa ya jira wata uku kafin ta iso, yanzu ɗalibi yana sauke ta kafin shayinsa ya huce.

Zariya ba ta tsaya a matsayin mai karɓa kawai ba. A 2008 aka yi taron ƙara wa juna sani a Jami'ar Ahmadu Bello kan yadda jami'o'i za su buɗe rumbunan ajiye bincikensu ga kowa, shekara shida bayan sanarwar Budapest ta 2002 da ta yi kira a sakar wa ilimi mara. Jami'ar ta kafa nata rumbun ta sa masa suna Kubanni, sunan rafin da ya ratsa harabarta, ya bi tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, ya faɗa Galma. Kundayen digiri da a da kwafi kaɗan ake yi a jibge su a ɗaki guda, yanzu dubbansu suna nan ga duk mai waya, ko yana Maraɗi ko yana Kumasi. Ni kaina a can na fara karanta wani kundi kan malaman birninmu, ina zaune a zauren nan da gara ta ci littattafan kakana.

Cikin ganuwa ma iskar ta kaɗa. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ba a daɗe ba ta shiga aljihun almajiri. Manhajar Shamila ta tara dubban littattafan Larabci a cikin kwamfuta ɗaya, ta yadda ɗalibin zaure yake gano mas'ala cikin ƙiftawar ido, wadda a da sai malami ya kwana yana buɗe warƙoƙi. Ana ɗaukar karatun malamai a murya ana turawa ta WhatsApp, matan aure suna bin darasin Risala daga cikin ɗakunansu. Ƙofar da al'ada ta daɗe da sayawa, waya ta tura ta a hankali ba tare da hayaniya ba.

Sabuwar Ganuwa

Da a nan labarin ya tsaya da sai mu ce alhamdu lillahi mu rufe littafi. Amma rijiya ta bayar, guga ya hana. Guga na farko shi ne wutar lantarki da kuɗin data. Na biyu, wanda ya fi shi tsanani, shi ne cewa abin da muke karantawa a waɗannan rumbuna aro ne. Mujallar takarda in an saya ta zama ta ɗakin karatu har abada, ko an daina biya tsofaffin suna nan. Ta na'ura kuwa haya ce: ranar da kuɗi ya yanke, ko mai bayarwa ya sauya shawara, ƙofa ta rufe har da abin da aka karanta jiya. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ma'aikacin ɗakin karatu, wanda a da aikinsa tara littafi da tsare shi, yanzu rabin aikinsa neman kalmar sirri ne da lissafin kuɗin haya.

Ta fuskar wallafa kuwa, ganuwar sauya wuri ta yi. A da mai karatu ake caza, yanzu mujallu da yawa sun buɗe wa mai karatu ƙofa sun koma cazar marubuci. A 2021 mujallar Nature ta sa Yuro 9,500 a kan maƙala ɗaya ga mai son a buɗe aikinsa ga kowa. Ko da yake wasu kamfanoni suna yi wa ƙasashe matalauta rangwame, malamin da ake biyansa da nairar da sai an tara fiye da dubu kafin a sami dala ɗaya ya san inda lissafin ya tsaya. Ga shi kuma ƙarin girma a jami'a ya rataya ne a kan yawan maƙalu, musamman waɗanda suka fito a mujallun da Scopus ta lissafa, waɗanda kusan dukkansu da Ingilishi suke fita. Mujallun da ke buga bincike cikin Hausa, irin su Harshe ta Zariya, da Algaita da Harsunan Nijeriya na Kano, da Ɗunɗaye ta Sakkwato, su ne suka fi kusa da mutanen da ake bincike a kansu, amma ma'aunin duniya bai cika ganinsu ba.

Inda bango ya tsage, nan ƙadangare yake shiga. Mujallun bogi suka cika intanet, suna karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda ba tare da wani masani ya duba ba. Kundin da aka saki domin a amfana, wani ya sauke shi ya sauya suna da gari ya miƙa a matsayin nasa, har sai da jami'o'i suka koma sayen manhajoji irin su Turnitin domin kama ɓarayin rubutu. A zaure ma haka: littafin da aka buga a kwamfuta ba tare da muƙabala ba yana yawo daga waya zuwa waya da kurakuransa, ba sunan wanda ya buga, ba sunan asalin da aka ɗauko. Kwafa ta yi sauƙin da ba ta taɓa yi ba, amma warƙar nan ta ƙarshe, inda mutum yake cewa ni ne na yi, ga inda na samo, ita ce ta ɓace.

Abin da Na'ura Ba Ta Gani

Akwai wani abu da ya fi damuna a matsayina na ɗan birni. Na'ura ta ba Zariya damar karanta duniya, amma har yanzu ba ta ba duniya, ko ita Zariyar kanta, damar karanta Zariya ba. A cikin Shamila za ka sami malaman Bagadaza da Alƙahira da Andalus, amma na sha neman malaman Zazzau ina fitowa hannu rabbana. Waƙoƙin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lokoja, sun yi sa'a domin masana sun bi su sun tattara. Malamai nawa ne ba su yi wannan sa'a ba?

Matsalar har da ta fasaha. Manhajojin da ke karanta hoton shafi su mai da shi rubutu an horar da su ne da haruffan ɗab'i. In suka gamu da hannun malamin Zazzau, mai bin salon Magariba, inda fa'un take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, ga ajami a gefe da jan tawada, sai su rikice. Saboda haka hoton warƙa yana zama hoto kawai, ba a iya neman kalma a cikinsa sai wani ya zauna ya rubuta bayaninsa. Ko bokon ma bai tsira ba. Haruffa masu ƙugiya da aka sha wahalar zubawa a shekarun 1930 suna nan a tsarin Unicode, amma da yawa daga masu bugawa ba sa amfani da su, wasu kuma sun yi aiki da tsofaffin haruffan kwamfuta da ke rikiɗewa su zama akwatuna a wata na'urar. Mai neman ƙasa sai a kawo masa kasa, mai neman ɓata a kawo masa bata.

Ana ƙoƙari, ba a ce ba a yi. Shirin ceto taskokin da ke cikin haɗari na Babban Ɗakin Karatun Birtaniya, wanda aka fara a 2004, ya ɗauki nauyin ɗaukar hoton takardu a arewacin Nijeriya. Jami'ar Boston a Amurka ta tara rubuce-rubucen ajami na Hausa ta sa a intanet. Abin da ya faru a Tambutu a watan Janairun 2013, da aka cinna wa dubban littattafai wuta a cibiyar Ahmad Baba, ya tuna wa kowa cewa jinkiri yana da farashi. Amma yawancin waɗannan hotuna a na'urorin wasu ƙasashe suke kwana, kuma magadan malamai suna da hujja in sun yi ɗari-ɗari. Kusan kowace unguwa tana da labarin wani baƙo da ya ari littafi bai dawo da shi ba.

Ni ma na ɗanɗana darasin da kaina. Ina ɗalibi na zauna kwana uku na ɗauki hoton Risalar kakana da waya, warƙa bayan warƙa, na ce yanzu kam na gama da gara. Ba a yi shekara biyu ba katin ajiyar ya lalace, mai gyara ya juya shi ya juya ya ce sai haƙuri. Takardar da ta ƙetare Sahara a kan raƙumi tana nan ana karanta ta bayan fiye da shekara ɗari, hotonta kuwa bai ga damina uku ba. Sai na tuna maganar Malam. Kwafi ɗaya, ko a gafaka yake ko a waya, jiran ajali yake yi.

Kammalawa

In aka dubi wannan tafiya daga farko za a ga cewa babu wata dabara da ta taɓa tsare littafi ita kaɗai. Alƙalami ya ba da inganci ya hana yawa. Inji ya ba da yawa ya zaɓi wanda zai buga. Fim ya ceto abin da ya ceto ya nemi ɗaki mai sanyi. Na'ura ta ba da sauri da yalwa, ta nemi wuta da dala, ta kuma sassauta igiyar da ke ɗaure rubutu da mai shi. A kowane zango, abin da ya raya littafi shi ne mutumin da ya ɗauki kwafa a matsayin amana.

Don haka a ganina aikin da ke gaban ɗakunan karatunmu ya wuce biyan hayar mujallun waje, ko da yake wannan ma wajibi ne. Akwai buƙatar su shigo ta Ƙofar Doka su zauna a zauruka kamar yadda masu binciken shekarun 1960 suka yi, su ɗauki hoton littafi a gaban mai shi, su bar masa asalinsa da kwafi a hannu, su rubuta sunan gidan da sunan mai kwafa a jikin kowane hoto, su ajiye a wurare da yawa, ɗaya daga ciki a nan gida. Almajiran da suka iya karanta hannun magabata su ne za su iya rubuta bayanin da na'ura ta kasa, kuma ya kamata a ɗauke su a biya su a matsayin masana. Mujallunmu na Hausa su shiga rumbuna irin Kubanni da haruffansu daidai, masu auna ƙarin girma kuma su ba su nauyin da ya dace da su.

Na sake ɗaukar hoton Risalar a bara. Wannan karon na ajiye kwafi uku a wurare uku, na kuma ba wani ƙanena asalin ya riƙe, ni ina duban kwamfuta, muka bi su shafi-shafi don kada a tsallake warƙa. Da muka kai ƙarshe na buɗe sabon shafi na rubuta sunana, da sunan kakana, da sunan wanda ya kwafa tun farko, da ranar da muka gama, na roƙi wanda ya ga kuskure ya gyara. Gafakar kuwa mun sauya mata igiya, mun mai da ita bango, nesa da inda azara take yoyo.